Hakin Da Ba Na Ragwanci Ba: Mu San Alamomin Hawan Jinin Huhu



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana numfashi dare da rana ba tare da mun biya ko anini ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan'uwana matasa, maza da mata, akwai wata cuta da nake son mu tsaya mu yi nazari a kanta, wadda galibinmu ba mu taɓa jin ko sunanta ba, alhali kuwa tana iya kama matashi yana tsakiyar ƙarfinsa. Ita ce hawan jinin huhu. Ni malamin Islamiyya ne, gano cuta da rubuta magani kuma aikin likita ne. Amma lura da cewa ɗan'uwanka ba shi da lafiya aikin kowa ne, kuma daga nan ake fara yin dace ko a fara yin sake. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk matashin da numfashinsa ya fara gaza masa a kan aikin da ya saba yi ba tare da wahala ba, kuma abin yana ƙaruwa wata bayan wata, hakkinsa ne a kanmu mu gaskata shi, mu kai shi a duba zuciyarsa, tun kafin mu yanke masa hukuncin ragwanci ko shafar aljanu.

Wane irin hawan jini ne wannan?

Da zarar an ce hawan jini, abin da ke zuwa wa mai karatu a rai shi ne wanda ake aunawa a dantse, a ce maka 120 bisa 80, ko a ce ya haura. Wannan da muke magana a kansa daban yake, kuma na'urar dantse ba ta ganinsa ko kaɗan. Mutum zai iya zuwa a auna shi sau goma, a ce masa jininsa lafiya lau, alhali cutar tana nan tana cinsa a ɓoye.

Domin mu fahimci dalili, sai mu san cewa zuciya ɓangare biyu ce. Ɓangaren hagu shi ke tura jini zuwa ga dukkan jiki, daga ƙwaƙwalwa har tafin ƙafa, don haka Allah Ya yi shi da kauri da ƙarfi. Ɓangaren dama kuwa tafiyarsa gajeriya ce: yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi cikin huhu ya ɗauko iskar oksijin, daga nan jinin ya wuce ɓangaren hagu. Abin alfahari ne a gare mu mu san cewa wanda ya fara bayyana wannan gajeriyar tafiya dalla-dalla malami ne Musulmi, wato Ibnun Nafis, mutumin Sham da ya zauna a Alƙahira, likita kuma malamin fiƙihun Shafi'iyya, wanda ya rasu a shekarar 1288. A sharhin da ya yi wa ɓangaren halittar jiki na littafin Alƙanun na Ibnu Sina, ya saɓa wa Jalinus, babban likitan Girkawa, wanda ya ɗauka cewa jini na ratsawa ta wasu ƙananan ƙofofi a bangon da ya raba zuciya biyu. Ibnun Nafis ya nuna babu wata ƙofa a wurin, ta huhu jinin yake bi. An daɗe an manta da wannan bayani nasa, sai a shekarar 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya gano rubutun a wani ɗakin karatu a birnin Balin na Jamus.

To, jijiyoyin da ke ɗaukar jini cikin huhu masu taushi ne, masu faɗi, ba sa buƙatar a tura da ƙarfi. A ma'aunin likitoci, matsakaicin ƙarfin turin jini a cikinsu ga mai lafiya bai wuce wajen 14 ba. Idan ya haura 20, an shiga hawan jinin huhu. A da sai ya kai 25 ake ƙirga shi, amma aka sauko da iyakar zuwa 20 a ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka fitar a 2022.

Wanda ya san noman rani zai gane misalin cikin sauƙi. Ka ɗauki ƙaramin injin ban ruwa da aka ƙera don ya tura ruwa ta faffaɗar mesa. Idan mesar ta tsuke, ko cikinta ya yi kauri, injin zai yi ta gurnani yana ɗaukar zafi, ruwan da ke isa gona ya ragu, na baya kuma ya taru ya rasa hanyar wucewa. Haka abin yake. Jijiyoyin huhu su ƙuntace, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama, ya yi kauri, ya buɗe, daga ƙarshe ya gaji. Duk alamomin da zan lissafa daga wannan suke fitowa: jinin da ke isa gaba ya yi kaɗan, wanda ke baya kuma ya taru.

Taƙaitaccen tarihi

Wani likitan Jamus mai suna Ernst von Romberg shi ya fara bayar da rahoton irin wannan lalacewa ta jijiyoyin huhu a 1891. A 1951 David Dresdale da abokan aikinsa a Amurka suka raɗa wa nau'in da ba a ga musabbabinsa ba suna, wanda za mu iya fassarawa da hawan jinin huhu na asali, ma'ana wanda ba wata cutar zuciya ko ta huhu ce ta haifar da shi ba. Duniya ba ta mai da hankali sosai ba sai a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da cutar ta ɓarke a Siwizalan da Ostiriya da Jamus ta Yamma a tsakanin masu shan wani maganin rage ƙiba mai suna aminorex. Wannan ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a kanta a Janiba a 1973. A taron da masana suka yi a birnin Banis na Italiya a 2003 aka bar amfani da tsohon sunan, yanzu ana ce masa nau'in da ba a san dalilinsa ba, kuma yana cikin rukuni na farko daga rukunai 5 da aka kasa hawan jinin huhu.

Wani bincike da aka yi a Amurka a shekarun 1980 ya nuna abubuwa guda uku da ya kamata mu riƙe. Matsakaicin shekarun masu cutar 36 ne. Mata sun kusa ninka maza. Kuma daga fara jin alamomi zuwa gano cutar ana ɗaukar kimanin shekara 2. A wancan zamani, da babu magani, rabin marasa lafiyar ba sa kai shekara 3 bayan an gano ta. Yau ana ƙara gano ta ga dattawa ma, magunguna kuma sun samu, amma matsalar makara wajen ganowa tana nan ba ta kau ba.

Alamomin da za a lura da su

Alama ta farko, kuma wadda ta fi kowace yawa, ita ce haki a lokacin motsi. Ba hakin wanda ya yi gudu ko ya buga ƙwallo nake nufi ba. Ma'aunin shi ne mutum da kansa: me yake iya yi bara wanda bana ya gagare shi? Budurwar da ta saba ɗauko jarkar ruwa daga famfo zuwa gida ba ta tsaya ba, yanzu sai ta ajiye sau uku. Ɗalibin da ke hawa bene hawa biyu yana hira da abokansa, yanzu sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango. Matar da ke share tsakar gida ta yi wanki a safiya ɗaya, yanzu shara kaɗai na sa ta zauna tana mai da numfashi. A farkon cutar, da zarar mutum ya zauna ya huta sai ya koma garau, ka ce ba shi ba ne. Wannan shi ke ruɗar mutane, har da shi kansa mai ciwon.

Ta biyu ita ce gajiya da kasalar da barci ba ya kore su. Mutum ya kwana lafiya, ya ci ya ƙoshi, amma ya wayi gari jikinsa a mace, domin gaɓoɓinsa ba sa samun isasshen jini.

Ta uku ita ce jiri, wani lokaci har da suma, musamman a tsakiyar aiki ko da gama shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan da kyau. Wanda ya yanke jiki ya faɗi yana cikin hawa matakala, ko ɗaukar kaya, ko sauri, wannan alama ce mai haɗari, domin tana iya nuna cewa zuciya ta kasa tura jinin da ƙwaƙwalwa ke buƙata a daidai wannan lokaci. Irin wannan suma ba a kwana da ita a gida ko da mutum ya farfaɗo ya ce ya warware.

Ta huɗu ita ce ciwo ko nauyi a ƙirji lokacin motsi, da jin zuciya na bugawa da sauri ko tana tsalle, abin da mukan haɗa shi duka mu kira faɗuwar gaba.

Ta biyar ita ce kumburi. Yakan fara daga idon sawu, takalmi ya matse da yamma, in an danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. In abin ya yi nisa sai ya hau ƙafafu, ciki ya tara ruwa, a ji nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama saboda hanta ta kumbura, abinci ya fita daga rai, jijiyoyin wuya su fito ɓaro-ɓaro. Wannan shi ne ruwan da ya taru a bayan injin.

Akwai kuma sauyin launi. Littattafan Turawa sukan ce leɓe ya koma shuɗi, amma ga mai baƙar fata ba a cika gani a waje ba. Sai a duba cikin leɓe da harshe da ƙarƙashin farce, a ga ko sun koma launin toka ko sun yi duhu. Wasu kuma sukan yi busasshen tari, wasu muryarsu ta dushe, wasu ƙalilan su yi tarin jini. Wani kuma in ya sunkuya, kamar zai ɗaura takalmi, sai numfashi ya ɗauke masa.

Likitoci sun kasa tsananin cutar mataki 4. A na farko mutum na harkokinsa ba ya jin komai. A na biyu aikin yau da kullum na sa shi haki. A na uku aiki ƙanƙani ma, irin su wanka da sa tufafi, na gajiyar da shi. A na huɗu ko yana zaune numfashi na yi masa wuya. Abin baƙin ciki shi ne mafi yawan masu cutar sai sun kai mataki na uku ake gano su, alhali magani ya fi amfani ga wanda aka tara da wuri.

Inda muke yin sake

A ganina shekara biyun nan da ake ɓatawa ba a asibiti kaɗai ake ɓata su ba. Babban kaso a gida ne, a makaranta, da kuma bakin kemis. Fassara uku muke yi wa waɗannan alamomi, kuma kowace tana cin lokaci.

Ta farko ita ce ragwanci. Mai wannan cuta a zaune ba ya kama da mara lafiya. Ba zazzaɓi, ba rama a farko, ba rauni a jiki. Don haka in yarinya ta ce ba za ta iya daka ba, sai a ce son jiki ne. In amarya ce a gidan miji, sai dangi su fara cewa an kawo musu raguwa. In saurayi ne sai abokai su mai da shi abin tsokana. Mu ma malamai ya kamata mu yi hattara: ɗalibin da kullum yake makara yana zuwa yana haki, ko yake zamewa ya zauna a tsakiyar sallar tarawihi, a tambaye shi lafiyarsa kafin a ɗaga masa murya. Sau da yawa mai ciwon, saboda kunya da gudun gori, sai ya daina faɗa. Ya rage tafiya, ya bar hawa bene, ya tsara rayuwarsa yadda ba zai yi haki ba, har shi ma ya ɗauka ya samu sauƙi. Kyautata zato ga Musulmi wajibi ne da muke karantarwa a aji, kuma ban ga inda ya fi cancanta a aiwatar da shi ba kamar ga wanda ya ce maka jikinsa ya gaza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta biyu ita ce aljanu. Mun yi imani da samuwar aljanu, kuma ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce. Amma daga ina muka samo cewa duk budurwar da ta suma iska ce ta buge ta? Wannan hukunci ne ba tare da ilimi ba, kuma addini ya hana mu faɗin abin da ba mu da masaniya a kansa. Yarinyar da ke faɗuwa duk lokacin da ta hau bene ko ta ɗauki kaya, ƙafafunta kuma suna kumbura, jikinta yana faɗa mana inda matsalar take. A yi mata addu'a, a tofa mata, sannan a sa ta a mota a kai ta asibiti a ranar. Babu karo tsakanin biyun. Ina kira ga 'yan'uwa masu yin ruƙiyya da su ji tsoron Allah, su riƙa tambayar waɗannan alamomi, in sun gan su su ce wa iyaye su tafi wurin likita. Riƙe irin wannan mara lafiya wata da watanni ana ba shi rubutu da hayaƙi, zuciyarsa kuma tana ƙara gajiya, amana ce da za a tambayi mutum a kanta.

Ta uku ita ce a ce asma ce, ko ƙarancin jini, ko taifot, a je kemis a sayo abin shaƙa da maganin ƙarin jini. Gaskiya ne waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma likita ma su zai fara nema. Amma ga ƙa'ida mai sauƙi: in an yi maganin abin da ake zato, mako ya bi mako hakin bai ragu ba, to a koma a sake bincike, kada a yi ta sauya kwalba.

Su wa ya kamata su fi sa ido?

Nau'in da ba a san dalilinsa ba yana da ƙaranci ƙwarai, mutum ƙalilan ne cikin miliyan. Amma hawan jinin huhu da wasu cututtuka ke jawowa ba baƙo ba ne a ƙasarmu, kuma alamominsu ɗaya ne.

Na farko su ne masu amosanin jini, wato sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. Binciken da aka yi a Faransa da Amurka da Barazil ya nuna cewa tsakanin 6 zuwa 11 cikin 100 na manyan masu sikila suna da hawan jinin huhu. Matsalar ita ce mai sikila ya saba da gajiya, don haka in sabon haki ya zo sai a ce ai ciwon nasa ne. A gaya wa likitansa.

Na biyu su ne waɗanda suka taɓa kamuwa da tsutsar ruwa mai haddasa tsargiya, musamman nau'inta da ke kama hanji da hanta. Ƙwayayen tsutsar kan bi jini su maƙale a jijiyoyin huhu, kuma masana na lissafa ta cikin manyan musabbaban wannan cuta a duniya. Duk wanda ya tashi yana wanka a kududdufi ko aiki a ruwan fadama ya ambata wa likita haka.

Sai masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, waɗanda kimanin 1 cikin 200 daga cikinsu kan kamu. Sai wanda aka haifa da huda a zuciya, da mai ciwon hanta da ya daɗe, da masu cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, musamman wadda ke sa fata ta yi tauri. Sai wanda gudan jini ya taɓa toshe masa jijiyar huhu. Sai kuma wanda a danginsa aka taɓa samun mai cutar, domin akwai nau'in da ake gado, kuma a shekarar 2000 aka gano ƙwayar halittar da ta fi jawo shi.

Ina da magana ta musamman ga 'yan'uwa mata game da magungunan rage ƙiba. Abin da ya faru da aminorex ya sake faruwa. A 1997 aka janye fenfluramine daga kasuwar Amurka, a 2009 aka janye Mediator a Faransa, duka saboda illar da suke yi wa zuciya da jijiyoyin huhu. Waɗannan magunguna ne da hukumomi suka yi wa rajista, suka kuma yi ɓarna haka. To ina ga ƙwayoyi da shayin da ake tallatawa a Facebook da TikTok, waɗanda mai sayarwar ma bai san abin da ke cikinsu ba? Haka nan miyagun ƙwayoyi masu sa kuzari na dangin amfetamin, an tabbatar da alaƙar wasunsu da wannan cuta.

Me za a yi in an ga alamomin?

A je asibiti, a ba likita labari filla-filla: yaushe abin ya fara, me ake iya yi a da wanda yanzu ya gagara, an taɓa suma ko a'a, waɗanne magunguna aka sha, na asibiti da na gargajiya. Zai saurari ƙirji, ya sa a yi gwajin jini, da hoton ƙirji, da gwajin bugun zuciya. Amma gwajin da ya fi muhimmanci a matakin farko shi ne hoton zuciya da ake kira eko. Irin na'urar da ake duba mai juna biyu da ita ce, ana ɗora ta a ƙirji, ba allura, ba yanka, ba zafi. Da ita ake ganin ko ɓangaren dama ya buɗe, a kuma ƙiyasta ƙarfin turin jini a huhu. Manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, suna da likitocin zuciya masu yin wannan gwaji. Ba rashin ladabi ba ne mara lafiya ya tambayi likita cikin girmamawa ko akwai buƙatar a yi masa eko. Tabbatar da cutar kuwa sai an zura siririn bututu ta jijiya zuwa ɓangaren dama na zuciya an auna kai tsaye.

Har yanzu nau'in asalin ba shi da maganin da ke tumɓuke shi, amma an yi nisa ƙwarai. A 1995 aka amince da epoprostenol a Amurka, a 2001 aka samu bosentan, a 2005 sildenafil, a 2024 kuma sotatercept. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna kusan rabin marasa lafiyar suna raye shekara 7 bayan gano cutar. Nau'in da tsohon gudan jini ke jawowa ma ana iya warkar da shi ta hanyar tiyata. Sai dai gargaɗi: sildenafil shi ne sinadarin da ke cikin Viagra, ana kuma samunsa a kemis, amma kada wanda ya karanta wannan ya je ya saya wa kansa. A wasu rukunan cutar ƙara ta'azzara ta yake yi. A 2009 sai da aka dakatar da wani gwajinsa a kan masu sikila saboda ya ƙara musu tashin ciwo.

Mai karatu zai iya cewa: Malam, cutar da ka ce ba ta da yawa, magungunanta kuma tsada gare su, mene ne amfanin tayar wa mutane da hankali? Amsata ita ce, alamomin nan ba na cuta ɗaya ba ne. Gwajin da za a yi don neman ta shi ne zai tona waɗanda suka fi ta yawa kuma suka fi ta sauƙin magani: lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, da raunin zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wanda an daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa, da tarin fuka, da ƙarancin jini mai tsanani. Duk wadda aka samu a cikinsu, an ci riba. In kuma ba a samu komai ba, an sayi kwanciyar hankali. Kuɗin eko ɗaya bai kai abin da ake kashewa a shekara biyu ana yawo tsakanin kemis da masu magani ba.

Ibada da zaman aure

Wanda aka tabbatar masa da wannan cuta ya sani cewa shari'a ta yi masa sauƙi, kuma karɓar sauƙin ba raunin imani ba ne. In tsayuwa na sa shi jiri ya yi sallah a zaune. In ruku'u da sujada na ɗauke masa numfashi ya yi nuni gwargwadon ikonsa. Game da azumi, da yawa daga cikinsu suna shan maganin rage ruwan jiki da wasu magungunan da ba a tsallake lokacinsu, don haka a tambayi likita amintacce kafin Ramadan. In ya ce akwai cutarwa, a sha, sannan a tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Mai niyyar Hajji ko Umra ma ya fara neman shawara, saboda doguwar tafiya a jirgin sama da cunkoso da zafi.

Magana mafi nauyi ita ce ta juna biyu. Ciki na ƙara yawan jinin da zuciya za ta tura, zuciyar da dama ta gaji. A rahotannin da suka gabata, tsakanin 30 zuwa 50 cikin 100 na masu wannan cuta da suka yi ciki suna rasa rayukansu, galibi a kwanakin farko bayan haihuwa. Adadin ya ragu a cibiyoyin ƙwararru, amma har yau likitoci na shawartar mai cutar da kada ta ɗauki ciki, wasu magungunan ma suna illa ga ɗan tayi. Wannan jarrabawa ce babba a al'ummar da ake auna darajar mace da haihuwa. Ina kira ga mazaje da surukai: in likitoci sun faɗi haka, a zauna da su da malamai masana a fahimci lamarin, kada a matsa wa baiwar Allah ta jefa ranta cikin halaka don gudun gori. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a da malamai suka yi ittifaƙi a kansu.

Kammalawa

'Yan'uwa, ku ne masu karatu a gidajenku, ku ne ake tambaya in wani abu ya shige duhu. Ku riƙe waɗannan: haki mai ƙaruwa a kan aikin da aka saba, gajiyar da hutu ba ya korewa, jiri ko suma a lokacin motsi, ciwon ƙirji, da kumburin ƙafa. In kun ga biyu ko uku sun haɗu ga ƙanwarku, ko matarku, ko abokinku, ko ku kanku, kada ku jira su cika. Ku yi magana, ku raka shi asibiti, ku tsaya masa in ana yi masa gori. Ranar 5 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai game da wannan cuta a duniya, kuma babu laifi limamai da malaman Islamiyya su ware mintoci kaɗan su faɗakar a kanta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sanya abin da ya same su ya zama kaffara, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Mu kuma Ya ba mu ikon gode wa ni'imar numfashi tun muna da ita.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.